Masu Kwana a Gaban Kwalba

A manyan asibitocinmu, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai wani ɗaki da ba kowa ake bari ya leƙa ba. Ma'aikata na kiransa SCBU, jama'a kuwa ɗakin kwalba suka sani. A bakin ƙofa ake tuɓe takalmi, a cire zobe da agogo, a wanke hannu sosai. Da ka shiga zafi ne zai fara tarbarka, kuma da gangan aka bar shi haka, domin mazauna ɗakin ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu. Nan ake kawo bakwaini, wato duk wanda ya faɗo kafin ciki ya cika mako 37, da wanda nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, da wanda ya fito bai yi kuka ba, da wanda shawara ta kama, da wanda ƙwayar cuta ta shiga jininsa. Likita yakan shigo zagaye, ya duba, ya rubuta, ya wuce inda ake jiransa. Wadda ke zaune da su dare da rana ita ce nas. Akwai maza a aikin, kuma suna yin sa da kyau, amma mata sun fi yawa, don haka zan riƙa cewa ita.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi tsakanin 2023 da 2024 ya nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 41 na rasuwa kafin su cika wata ɗaya. A 2018 adadin 39 ne, ke nan ba mu gusa gaba ba, alhali burin da ƙasashen duniya suka sa wa kansu shi ne a sauko zuwa 12 nan da 2030. Abubuwa uku ne ke cin mafi yawan waɗannan rayuka: haihuwa kafin lokaci, shaƙewa wajen haihuwa, da kamuwa da cuta. A dukkansu, bayan ikon Allah, abin da ke tsallakar da jariri yawanci ƙananan ayyuka ne da ake maimaitawa a kan kari, awa bayan awa, kuma kusan duk a hannun nas suke.

Hanyar shiga aikin doguwa ce. Shekara uku a makarantar koyon jinya, ko biyar a jami'a ga mai neman digiri, sannan jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ke ba da lasisi, take kuma neman a riƙa sabunta shi da shaidar ƙarin horo. Wasu su ɗora da ungozomanci, wasu su tafi kwas na ƙwarewa a jinyar yara. Amma ainihin gwanintar a bakin aiki ake samunta, a hannun wata babbar sista da ta daɗe a ɗakin. Gano jijiya a hannun jariri mai kilo ɗaya ba a allo ake koyonsa ba. Shi ya sa nake takaicin wata al'ada ta asibitoci da dama, ta juya nas-nas daga wannan sashe zuwa wancan. Sai mace ta yi shekaru hannunta ya faɗa, idonta ya buɗe, sannan a ɗauke ta a kai ta ɗakin masu karaya, a kawo sabuwa ta fara daga tushe. Jariran ne ke biyan kuɗin wannan sauyin.

Aiki na farawa ne da karɓar duti. Wadda ta kwana da wadda ta shigo za su bi gado-gado: wannan nawa ya sha, ya yi amai ko bai yi ba, ya yi fitsari, sau nawa numfashinsa ya ɗauke, ƙarfe nawa allurarsa ta gaba. A jikin kowane gado akwai takardar lura. Zafin jiki ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Numfashi kada ya wuce 60 a minti ɗaya, kuma sai ta tsaya ta ƙirga minti ɗin cur, domin numfashin jariri ba ya tafiya bai ɗaya. Babban mutum zai ce kaina ke ciwo. Bakwaini ko kukan kirki ba ya iyawa. Alamarsa ita ce ya ƙi shan abin da jiya ya shanye, ko cikinsa ya ɗan kumbura, ko launinsa ya dusashe, ko ya yi laƙwas. Gogaggiyar nas takan ce, "Wannan yaron bai yi mini ba yau," tun kafin wani gwaji ya nuna komai, kuma likita mai hankali ba ya wasa da wannan maganar.

Sanyi shi ne abokin gaba na farko. Mutane na mamakin jin haka a ƙasa mai zafi irin tamu, amma jariri ɗan ƙarami ba shi da kitsen da zai rufe shi, kuma idan ya yi sanyi sai ya ƙone ɗan sukarin da ke jininsa wajen neman ɗumi, numfashinsa ya rikice. A lokacin hunturu da yawa kan iso asibiti jikinsu ƙarara, an ɗauko su a babur ko a Keke daga nesa. Saboda haka ne ake cewa a jinkirta wankan farko har kwana ɗaya, a sa hula, a sa safa. Kwalba na taimakawa, sai dai tana son wuta mai ɗorewa, kuma ba ta isar kowa. A 1978, a wani asibitin haihuwa da ke Bogota ta ƙasar Kolombiya, ƙarancin kwalabe ya sa Dakta Edgar Rey ya fara ɗora bakwaini a ƙirjin iyayensu mata, fata da fata, a ɗaure da zane. Wannan ne ake kira renon kangaru. Wani bincike da aka buga a 2021, wanda aka yi a Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Ile-Ife a nan Najeriya, ya gano cewa fara shi nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kusan kashi 25 cikin ɗari. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawararta ga bakwaini da masu ƙarancin nauyi. Ga matan da suka tashi da goyo, abin ba baƙo ba ne, illa dai an komo da shi gaba. Duk da haka sai nas ta zauna da uwa ta nuna mata yadda za ta miƙar da wuyansa don kada hanyar iska ta toshe, ta cire mata tsoron taɓa ɗan da take gani kamar zai karye.

Sai numfashi. Bakwaini yakan manta ya ja iska. Idan abin ya kai daƙiƙa 20, ko ya fara yin shuɗi, dole wani ya gani a take, ya shafa bayansa ko ya murza tafin ƙafarsa, in bai farfaɗo ba a ɗauko jakar hura iska. Inda babu na'urar da za ta yi ƙara, idon nas ne ko na uwa. "Sista, zo ki gani, kamar ba ya motsi," kira ne da kowace ma'aikaciyar ɗakin ta san shi cikin dare. A ɗakin haihuwa ma haka: wanda ya fito bai yi kuka ba, ana so a fara hura masa iska cikin minti ɗaya na farko. Da aka horar da ma'aikata kan wannan a wasu asibitocin Tanzaniya, ƙarƙashin shirin Helping Babies Breathe, mutuwar jarirai a kwanan farko ta ragu da kashi 47 cikin ɗari. Iskar oksijin kanta magani ce mai awo. In ta yi kaɗan ƙwaƙwalwa ta taɓu, in ta yi yawa ido ya lalace. A shekarun 1940 da farkon 1950 dubban bakwaini sun makance a Amurka da Turai saboda an cika musu ita da kyakkyawar niyya, kuma mawaƙin nan Stevie Wonder na cikinsu. Yau nas na lura da ɗan ma'aunin da ke maƙale a ƙafar jariri, tana ƙarawa tana ragewa, don ya tsaya wajen 90 zuwa 95.

Wani ɓangaren aikin lissafi ne zalla, kuma mutanen waje ba su cika saninsa ba. Jariri mai kilo 1.5, ruwan da jikinsa ke buƙata a ranar farko bai wuce mililita 90 zuwa 120 ba, wato abin da bai fi cokalin shayi ɗaya a awa ba. In ƙarin ruwa ya zuba da gudu na ɗan lokaci, zuciyarsa da huhunsa ba za su ɗauka ba. Allurar jentamaisin, wadda ake yawan yi wa masu cutar jini, takan zo da miligiram 80 a mililita 2, rabon wannan jaririn kuwa a makon farko miligiram 4.5 ne a rana. Sai an surka, an auna, an sake aunawa, domin in ta zarce tana iya kurmantar da shi ko ta taɓa ƙodarsa. Wanda bai iya tsotso ba, uwa ce za ta tatsi nono, a ba shi ta bututun hanci ko da ɗan kofi kowace awa biyu ko uku, kuma kafin kowane ba da nono sai an tabbatar bututun na ciki bai kauce ba. Kullum da safe a ɗora shi a sikeli. Raguwar kwanakin farko ba abin tsoro ba ce in ba ta wuce kima ba, amma bayan nan ana so ya riƙa ƙara kusan giram 15 a kowane kilo na nauyinsa a rana.

Maganin shawara da ake yi da shuɗiyar fitila ma idon nas ne ya gano shi. A 1956, a wani asibiti da ke Rochford a Ingila, Sista Jean Ward ta saba fitar da bakwaini su sha iska da hantsi. Wata rana aka lura cewa wani jariri ya washe, in ban da inda gefen zane ya rufe, nan ya ci gaba da zama rawaya. Daga nan Dakta Richard Cremer da abokan aikinsa suka bi diddigi, suka fitar da sakamakon a 1958. Wannan ba izini ba ne na shanya jariri a rana a gida, domin hakan kan ƙona shi, ya kuma ɓata lokacin da ya kamata a ce yana asibiti. A ƙarƙashin fitila sai an rufe masa ido, ana juya shi, ana duba zafin jikinsa, ana ƙara masa nono. In shawarar ta haura ƙwaƙwalwa, ɓarnar ba ta gyaruwa: kurumta, ko shanyewar jiki har tsawon rai. Nas kan tambayi uwa ko an ajiye kayan jariri da kafur, saboda akwai yaran da jininsu ke fashewa da shi.

Na bar abu mafi wuya a ƙarshe, wato mutane. Kakar jariri ta zo da niyyar alheri. Tana so a yi wanka da ruwan zafi, a gasa cibiya, a kira wanzami ya cire belu, a zubar da dakashi don a ganinta ba shi da kyau. Ita ta reni goma ta haka. Nas da ta ɗaga mata murya ta yi asarar gidan gaba ɗaya, domin da an koma gida maganar kaka ce za ta yi aiki. Wadda ta iya aikinta za ta ce, "Hajiya, ki zauna mu yi magana. Wannan jikan naki ya zo da wuri, renonsa daban ne da na sauran." Ta nuna mata cewa dakashi shi ne kariyarsa ta farko, cewa maganin kulorheksidin ya wadatar a cibiya kuma ko kusa da ido kada ya je. Ga uban da kuɗi suka ƙare masa, yana so ya sa hannu ya tafi da ɗansa. Ga kuma ranar da nas za ta fito ta shaida wa uwa cewa sai haƙuri, ta koma ciki ta ci gaba da ba sauran nono, domin ƙarfe uku ta yi.

To da wane ma'auni ake auna mai irin wannan aiki? A asibitocin gwamnati an daɗe ana amfani da fom ɗin shekara-shekara da ake kira APER, wanda shugaba ke cikewa: zuwa aiki a kan lokaci, mu'amala da abokan aiki, ɗaukar nauyi, iya rubutu. Kusan tambayoyin da za a yi wa ma'aikacin ofis ne. Ba su da laifi, amma babu inda suka tambaya ko jariran da ke hannunta sun kwana da ɗumi. Wasu kuma sai su tsallaka can ƙarshe, su ce a ƙirga waɗanda suka rasu a dutin kowace nas. Wannan zalunci ne, kuma yana da haɗari. Babban asibiti shi ke karɓar waɗanda ƙananan asibitoci suka kasa, yawanci a makare. Sista mafi ƙwarewa ita ake danƙa wa mafi rauni, don haka a hannunta za a fi mutuwa. In aka hukunta ta kan wannan, an koya wa kowa gudun jariri mai tsananin ciwo ke nan.

Tun 1966 wani likita masani a Amurka, Avedis Donabedian, ya raba auna ingancin kula da lafiya gida uku: abin da aka tanada, abin da aka aikata, da abin da ya biyo baya. A ganina nas na da alhaki kai tsaye a kan na tsakiya, kuma nan ya kamata a fi tsayawa. Cikin jariran da aka kwantar, nawa aka auna zafin jikinsu a awar farko? Nawa aka samu da sanyi bayan sun kwana a ɗakin? Allura ta shiga a lokacinta kuma daidai da nauyi? An ba da nonon ƙarfe biyun dare? Awa nawa bakwaini ya yi a ƙirjin uwarsa? An wanke hannu tsakanin wannan gado da wancan? Hannun da aka sa wa ƙarin ruwa ya kumbura ba a gani ba? Duk waɗannan ana iya ƙirga su, kuma nas mai kishin aikinta ba ta tsoronsu. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan kula da ƙanana da marasa lafiyan jarirai a asibiti, ba sai kowane asibiti ya ƙirƙiro nasa daga farko ba.

Sai dai waɗannan alƙaluma ba su da ma'ana in ba a ajiye wani adadi a gefensu ba: jarirai nawa ke hannunta a wannan dutin? A Birtaniya ƙa'idar ita ce nas ɗaya ga jariri ɗaya idan yana cikin mawuyacin hali, ɗaya ga biyu a mataki na gaba, ɗaya ga huɗu ga masu sauƙi. Wasu masu bincike a Nairobi ta Kenya sun zauna a ɗakunan jarirai na asibitoci shida suna lura da abin da ake yi wa kowane jariri, suka buga sakamakon a 2020. Kusan kashi 60 cikin ɗari ne kawai na ayyukan da suka kamata ake samun yi, kuma giɓin ya fi girma inda nas ɗaya ke riƙe da jarirai 12 ko fiye. Ba sai an je Kenya ba ma, lissafin a fili yake. In ba jariri nono ta bututu da duba shi na cin minti 15, mai jarirai 12 za ta cinye awa uku kafin ta zagayo, lokacin na farko ya sake yi, ba ta yi allura ba, ba ta karɓi sabon da aka kawo ba, ba ta rubuta komai ba. Dole ta zaɓi abin da za ta bari. A Najeriya matsalar na ƙara tsananta. A farkon 2024 magatakardan hukumar jinya, Dakta Faruk Abubakar, ya bayyana cewa kimanin ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Masu tafiya sau da yawa su ne gogaggu.

Akwai wani tarko da ya kamata masu sa ido su sani. Idan takardar lura ce kaɗai abin dubawa, kuma ana hukunta duk wadda ta bar gurbi, to za a fara samun takardu cike tsaf da lambobin da ba a auna ba. Irin wannan takarda ta fi wadda aka bari fanko illa, domin likita zai gina hukunci a kanta. Na fi son shugabar nas-nas da za ta ce a rubuta "ba a samu yi ba" tare da dalili, ta ɗauki wannan a matsayin bayani mai amfani. Haka zaman bitar mace-macen mata masu haihuwa da jarirai, wanda ake kira MPDSR, an gina shi ne a kan cewa ba a kama suna, ba a ɗora laifi. Inda aka mayar da shi kotu, sai kowa ya kama bakinsa, janaretan da ya mutu ƙarfe ɗayan dare ko tukunyar oksijin da ta ƙare ba za su taɓa shiga rahoto ba. Wannan ba kariya ba ce ga mai sakaci. Wadda ke barci a duti, ko mai zagin masu jego, ko mai taɓa jariri ba ta wanke hannu ba alhali ga ruwa ga sabulu, a kira ta a gaya mata, in ta ƙi ji a hukunta ta. Hasali ma ba a iya bambance mai sakaci da wadda aiki ya fi ƙarfinta sai an san nauyin da kowacce ke ɗauke da shi.

Ƙwarewar hannu ma a riƙa gwada ta. Hura iska da jaka abu ne da ke dusashewa in an daɗe ba a yi ba, kuma 'yan mintoci na atisaye da 'yartsana a farkon duti sun fi taron bita na otal sau ɗaya a shekara. A kuma tambayi iyaye mata ranar sallama, ba a gaban wadda ta yi jinyar ba. Uwa ta iya ɗaura ɗanta a ƙirji da kanta? Ta iya tatsa da ba da nono a kofi? Za ta iya lissafa alamomin da in ta gani za ta dawo da gudu, kamar ƙin shan nono, zazzaɓi, sanyin jiki, jijjiga, saurin numfashi ko rawayar tafin hannu? An yi masa rigakafin farko? An gaya mata ranar dawowa awo? Amsoshinta na nuna aikin nas fiye da kowane fom.

Duk wannan ba ya buƙatar kwamfuta. Takarda ɗaya ta isa a kowane wata. A gefe ɗaya a rubuta abin da aka yi wa jarirai, a ɗaya gefen a rubuta yawan nas da yawan jarirai a kowane dutin dare, da awannin da aka yi babu wuta, babu ruwa ko babu oksijin. A manna kwafi a bangon ɗakin don ma'aikata su ga inda suka ci gaba da inda suka ja baya, a aika ɗaya ofishin shugaban asibiti, ɗaya kuma ma'aikatar lafiya, kafin a zauna kan kasafin kuɗi da ɗaukar sababbin ma'aikata.